Benci a Ƙarƙashin Tagar Kuluwa

Gagarawa Tasha

Zuwa ga ɗana Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a garin da ka koma, ya sa albarka a teburin shayin da ka kafa. Ƙanwarka Sa'ade ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana ko da ta ji wadda za ta ba ta kunya.

Da a waya na kira ka, na san yadda za mu ƙare. Za ka yi ta cewa "To Baba, to Baba" har kati ya ƙare, ka mayar da wayar aljihu, maganar ta bi iska. Takarda kuwa tana zama. In ka ji haushi ka ajiye ta, gobe ka sake ɗauka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Innarku ta je Maigatari ranar kasuwa ta ga ɗakin da ka kama wa Rabi da 'yarku Kuluwa. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta same ni a zaure.

Ta ce, "Ɗaki ba laifi, an yi masa siminti, ga ruwa kusa. Amma taga ɗaya ce, kuma bencin masu shan shayi a ƙarƙashinta yake. Direbobi da dillalan shanu sun jeru, kowa da karan taba a baki. Na shiga in huta, sai na ji ni kamar kifin da aka ɗora a banda. Malam, Kuluwa ba za ta je ba."

Na ce, "Yarinyar da ke shan nono?"

Ta ce, "To su zauna su biyun."

Rabi tana tsakar gida tana jin mu. Ba ta ce uffan ba, ka san suruka. Amma kayanta a ɗaure suke tun ranar da ka tafi, kullum sai ta kwance ƙulli ta ɗauki zani ta sake ɗaurewa. Tana son bin mijinta, kuma tana da gaskiya. Innarku ma tana da gaskiya. Kai ma kana wurin a daminar bara da muka kai Kuluwa asibiti a Gumel, ƙirjinta yana fito, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Ka tuna ma'aikaciyar da ta ce a raba ta da hayaƙi kowane iri, ta kuma tambaya ko akwai mai shan taba a gidan. Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce na daɗe da dainawa. Kai kuma ka dubi ƙasa.

Haladu, na san kana sha. Ba wanda ya kawo mini tsegumi. Na ga hannun da ake dunƙulewa a kai baya, na ji warin minti da goro a bakin wanda da can ba ya cin goro, na ga ɗan ramin ƙuna a gaban rigarka ta Juma'a. Ni na yi waɗannan dabaru kafin a haife ka. Ban faɗa don ka ba ni amsa ba. Na faɗa ne don kada ka karanta sauran maganar kana tsammanin da baƙinka kaɗai nake.

Na roƙi Innarku ta ba ni dama in yi maka magana kafin ta yanke hukunci. Ba ni da karatun da zan yi maka wa'azi da shi. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su zan ba ka.

Lokacin da nake jan mota daga nan zuwa Gumel da Maigatari, ba na tayar da inji sai da kara a bakina. Wata safiya na yi lodi, a baya akwai wata tsohuwa mutuniyar wajen Sule Tankarkar da ta zo biki, kusa da ita wata matashiya da jariri a cinya. Mun ɗan yi nisa sai tsohuwar ta ce, "Direba, ɗan nan."

Na ce, "Na'am, Iya."

"Da ka karɓi kuɗin mota, har da na hayaƙin ka haɗa? Don ni ban ce a sayo mini ba."

Aka yi dariya. Na ce, "Iya, ai gilashi a buɗe yake."

Ta ce, "A buɗe yake mana. Shi ya sa yake fita ta wajenka ya shigo ta wajenmu."

Raina ya ɓaci, saboda akwai samari a motar. Na ce, "Iya, motar nan a hannuna take. Wanda bai iya ba ya sauka."

Ta ce, "Motar a hannunka take. Hancin jaririn nan fa, shi ma an damƙa maka?"

Sai na ƙara zuƙa mai ƙarfi don ta san ban ji ba. Uwar jaririn kuwa ta ja mayafi ta rufe masa fuska.

Kafin mu shiga Gumel sai na hango mutum a bakin titi yana ɗaga sanda. Malam Buba ne, mahaifin Innarku, Allah ya jiƙansa. Ban san lokacin da na murƙushe wutar da yatsuna ba. Ta ƙone ni, ban ko yi tsaki ba. Na cusa guntun a ƙarƙashin cinya, na jefa goro a baki, na fito na durƙusa na gaishe shi, na ba shi gidan gaba.

Yana zama tsohuwar ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Da mun san kai ne maganinsa, da tun daga tasha muka biya muka ɗauko ka."

Ya ce, "Maganin me, baiwar Allah?"

Ta ce, "Ciwon kai ne, Malam. Ya tafi."

Ba ta tona ni ba. Har muka sauke shi ba wanda ya yi dariya, sai dai ina ganin kafaɗun samarin suna rawa ta madubi.

Ka san darasin da na ɗauka a ranar? In riƙa duba bakin titi da kyau. Shi ke nan. Sai bayan shekaru na gane abin da matar nan ta nuna mini. Mu nan muna da ladabin taba, kuma muna kiyaye shi sosai. Ba a sha a gaban uba, ba a sha a gaban suruki, ba a sha a gaban malami ko mai gari. To amma duba su waye waɗannan. Duk mutanen da in sun ga dama za su buɗe baki su ce kashe, a kashe. Wanda ba zai iya cewa komai ba, mace a cikin maza, yaro, jariri, matar aure a ɗakin mijinta, shi muke busa wa a fuska hankalinmu kwance. Malam Buba tsoho ne mai lafiya, hayaƙin kara ɗaya ba zai yi masa komai ba, amma dominsa na ƙona yatsuna. Jaririn da bai yi arba'in ba kuwa na ƙara masa.

Saboda haka idan kana son sanin ko hayaƙi ya dami mutane a teburinka, kada ka jira mai magana. Dubi wanda ya matsa ƙarshen benci. Dubi wanda ya karɓi kofinsa ya koma gefe yana sha a tsaye. Dubi yarinyar da aka aiko sayen burodi ta tsaya nesa tana miƙo hannu. Ni na daɗe ina lissafa irin wannan shirun a matsayin yarda.

Da muka zo nan a rubutun na tambayi Sa'ade ko ita ma ya taɓa damunta. Ta ajiye biro. Sannan ta ce, "Baba, hijabina ne. A aji ɗaya da aji biyu, in na zauna sai yara su matsa." A ƙusa ɗaya ake rataye shi da rigata. Ban taɓa sani ba sai yau, kuma da ban tambaya ba da ba zan sani ba har in mutu. Na ce ta rubuta, ta ce a bari, na ce ta rubuta.

Kuskure na biyu ya shafe ka kai tsaye. Idan ashana ta ƙare mini, kai nake miƙa wa kara in ce, "Je ka kunno mini a murhu." Daga madafi zuwa zaure akwai 'yar tafiya, kuma taba tana mutuwa in ba a ja ta ba. Ka dawo da ita a mace sau ɗaya na yi maka tsawa. Daga ranar ba ka sake dawowa da ita a mace ba. Ina ganin idanunka sun yi ja kana danne tari, na ce yaron nan akwai wayo. Ko makaranta ba a sa ka ba a lokacin. Don haka idan wani ya tambaye ni wa ya koya wa Haladu, ba sai na je neman abokan banza ba.

Kai yanzu kana da wuta a gabanka daga safe har yamma. Za a aiko yara su kunna a murhun shayinka, kamar yadda na aike ka. Ka ce wa yaro, "Je ka ce wa mai ita ya zo da kansa, wutar tana jiransa." Ka faɗa da fara'a. Babba zai zo yana mita, amma zai zo.

Na uku shi ne wanda ba za ka zata ba, don ya faru ne bayan na daina. Tari ya kwantar da ni, likita ya ce in zaɓa, na zaɓa. Da na miƙe sai na zama wani mutum. Duk inda na ji warin taba sai na yi magana, kuma ba maganar kirki ba. Gaskiyar ita ce ina sha'awarta, warin yana tayar mini da hankali, sai na mayar da abin faɗa.

Ka san Mati, dillalin shanun nan mutumin Damagaram, wanda yake kawo muku cuku kuna yara. Tare muka yi ƙuruciya a hanya. Duk ranar da ya biyo ta nan sai ya zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya a tasha. Wata la'asar ya zauna kusa da ni ya kunna.

Na ce, "Mati, kashe abin nan."

Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Garba, jiya-jiya kake roƙona ashana, yau ka zama liman?"

Na ce, "Kana cutar mutane."

Ya ce, "Da gumina na saya. Ba a masallaci nake ba, ba a ɗakinka nake ba. Nan waje ne, iskar Allah ce."

Na ce, "Iskar Allah ce, shi ya sa ba taka ba ce kai kaɗai."

Ya ce, "To madalla. Kai da ka tsufa kana bin mu da baƙin hayaƙin akwalar motarka? Ga injin mai cajin waya can yana turnuƙe mu tun safe, ka je ka ce ya kashe. Ka shiga gida ka ce wa uwargida ta kashe murhu. Sai ɗan karan nan nawa ne zai hallaka Gagarawa?"

Mutane suka yi dariya, har da masu goyon bayana. Sai na ɗauko zagi. Na ce, "Tashi ka ba mu wuri, kana wari kamar ƙonannen tsumma." A gaban yaran mota na faɗa, sa'annin 'ya'yansa.

Ya kashe ta a ƙasa a hankali, ya sa takalmansa, ya ce, "Na gode, shofer." Wato direba, da irin bakinsu na Damagaram. Bai sake zama a gindin bishiyar nan ba.

To me na samu? Mati bai daina ba. Masu sha suka bi shi bayan rumfar mai faci, inda ba dattijo ko ɗaya, samari suka cika wurin. Majalisa ta rabu biyu, ni kuma na rasa aboki.

Na daɗe ina juya maganarsa. A wani wajen ya fi ni gaskiya. Baligi ne, da kuɗinsa ya saya, ba sata ya yi ba, kuma abu ne da ya kama shi kamar yadda ya kama ni, ba a ajiye shi don an ji kunya. Ba wanda yake da ikon wulaƙanta shi a kai. Inda ya kuskure shi ne, kasancewar akwai wani hayaƙin ba ta wanke nasa. Murhu ba ya tashi ya koma gefe, ana girki da shi ne don dole. Mai taba kuwa yana da ƙafa. Abin da ya kamata in ce masa ɗan kaɗan ne: "Mati, taso mu koma can mu yi hira har ka gama." Da ya taso, na san shi.

Kwanaki na ji ana wannan gardama a rediyo. Wani ya bugo ya ce a kama duk wanda ya sha a cikin jama'a, wai akwai doka. Wani ya bugo ya ce an takura musu, su ma 'yan ƙasa ne, a nuna musu inda za su je. Suka yi ta yi har lokaci ya ƙare. Ni dai na san ba wani jami'i da zai zo ya tsaya a kan bencinka. Kai ne mai wurin, kuma abin da ka tsara shi za a bi.

Na ji abin da ka faɗa wa Innarku, cewa in ka hana baƙinka shan taba za su koma teburin gaba, kuma masu taba su ne masu daɗewa suna ƙara kofi. Ba ƙarya ka yi ba. Ni ma ban ce ka hana su ba. Cewa na yi ka ba su wuri.

Na sa an saƙa zana, na sare dirkoki daga gonar bayan gari. Ɗanjuma direba zai sauke maka su tare da takardar nan. Innarku ta ce akwai bishiya a tsallaken teburinka. Ka kafa rumfa a can. Kafin ka haƙa rami ka tambayi maƙwabtan da suka daɗe a wurin ta ina iska ke zuwa da rani, ta ina da damina, don kada ka yi wahala hayaƙin ya dawo tagar. Bencin da ya fi kyau shi za ka kai rumfar, ba mai karyayyar ƙafa ba. Ka ajiye gwangwani da yashi na zuba guntaye. Idan sun yi oda ka fara kai musu, da zafinsa. Mutum yana gane bambancin wurin da aka yi masa da wurin da aka kore shi zuwa. Ƙarƙashin taga kuwa ka bar shi fili, ko buhun gawayi ka jingina don kada wani ya jawo kujera.

Idan baƙo ya kunna a gaban tebur, kada ka ɗaure fuska, kada ka ambaci haram ko cuta. Ka ce, "Alhaji, ga inuwarku can, akwai jaririya mai ciwon ƙirji a ɗakin nan." Yawancin mutane suna da 'ya'ya. Wani zai ce maka iskar Allah ce. Ka ce haka ne, ka ɗauki kofinsa da kanka ka yi gaba, zai bi shayinsa. Wani kuma zai tashi ya tafi ba zai dawo ba. Ban yi maka alkawarin ciniki ba zai ragu ba. Mai yiwuwa ya ragu. In ya ragu, akwai gero a rumbu, ka aiko a faɗa mini ba tare da jin nauyi ba.

Mati yana cin kasuwar shanu ta Maigatari duk mako. Ka neme shi ka gaishe shi da girmamawa, ka ce shi kake so ya fara zama a rumfar. In ya zauna, dillalai za su zauna. Kada ka ba shi haƙuri a madadina, wannan nawa ne, zan yi da bakina in na zo.

Saura kai. Ba zan ce ka rantse mini ka daina ba, don na san rantsuwa nawa na yi na karya. Ina yi maka addu'a Allah ya raba ka da ita tun kafin likita ya ba ka zaɓi. Amma kafin nan, ba a ɗaki ba, ba a bakin ƙofa ba, ba a bayan ɗaki ba. Ka ware riga ɗaya ta rumfa, ka cire ta ka wanke hannu da baki kafin ka ɗauki yarinya. Kuma kada ka ce ai Rabi ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ba za ta yi ba. Innarku ma ba ta yi ba sai da ta tsufa ta daina jin kunyata.

Ga yadda muka yi da Innarku. Kasuwar da ke bayan mai zuwa zan taho da Rabi da amaryata Kuluwa, da kayansu. Idan na tarar da benci a ƙarƙashin taga, ba za ka ji faɗa daga bakina ba. Za mu gaisa, in sha shayinka, in juyo da su a motar da ta kai mu. Idan na tarar da fili, zan sauke kaya in dawo ni kaɗai in fuskanci Innarku.

Kuma a ranar, na san zan wuni a wurinka, na kuma san yadda abin yake motsa wa mutum bayan azahar. Kada ka ce za ka zagaya bayan ɗaki don kada in gani, can ne iska za ta kai mata. Ka zo rumfa inda nake zaune ka kunna a gabana. Zan kau da kai. Mutane za su ce ɗan Garba ya sha taba a gaban ubansa, maganar za ta riga ni isowa Gagarawa. Na ɗauka. Wannan girman da kake ba ni na yafe shi, ka mayar wa Kuluwa, ita ce ba ta da bakin da za ta nema.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin kasuwa, ya haɗa ka da maƙwabta nagari, ya ba Kuluwa lafiya ya raya ta a gabanku. Innarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci ba shayi kaɗai ba. Sa'ade ma tana gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba